Koyon Hausa a jami'ar Amurka: wace hanya ta fi kafin ka biya?

A Amurka, duk harshen da ba Turanci, Sifaniyanci, Faransanci ko Jamusanci ba, ana saka shi cikin harsunan da ba a cika koyarwa ba, kuma Hausa na cikinsu. Jami'a ba za ta ɗauki malami don ɗalibai uku ba. To yaron da yake so ya gyara Hausarsa ta gida, a kuma ba shi maki a kai, ina zai nufa?

Ni dai zaɓina ajin haɗin gwiwa. Jami'o'in Big Ten, wato wata ƙungiyar manyan jami'o'in Amurka, suna da tsarin CourseShare: malami yana koyarwa a jami'a ɗaya, ɗaliban sauran suna shiga ajin kai tsaye ta bidiyo. Columbia da Cornell da Yale ma sun haɗa irin nasu tun 2012, har da harsunan Afirka irin su Yarbanci da Wolof. Abin da ya sa na fi son wannan shi ne yaro a jami'arsa yake rajista, makin kuma a takardar sakamakonsa yake fitowa, ba sai ya yi ta yawon ofis yana roƙon a amince masa ba. Sai dai jerin harsunan yana canzawa, don haka a tambaya tun kafin zango ya fara ko akwai Hausa. A kuma tambaya ko akwai aji na biyu, don kada yaro ya iya gaisuwa da ƙirga kawai, sannan a ce masa sai wata shekara.

Kwas ɗin bazara na makonni takwas yana da kyau ga mai kuɗi da lokaci, amma in ba a ci gaba ba, kafin hunturu rabi ya zube. Malaman da shirin Fulbright na gwamnatin Amurka yake kawowa daga gida kuwa Hausarsu tsantsa ce, sai dai shekara ɗaya suke yi su koma. Manhajojin waya, a bar wa masu son wasa.

Inda nake so a buɗe kunne shi ne masu tallar "takardar shaidar Hausa" a Facebook da WhatsApp. Ɗan ƙanwata ya biya wani dala masu kauri, aka yi ta aiko masa da saƙon murya, a ƙarshe aka turo takarda mai tambarin zinare. Da ya kai ofishin rajista, ko kallo na biyu ba su yi mata ba. Mutumin ma bai san ƙa'idar rubutu ba, yana rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya! Duk wanda ya ce takardarsa tana da "amincewar duniya", a tambaye shi sunan jami'ar da ke bayar da makin, a kira ofishinta da kai. In ya fara kame-kame, ko ya ce a tura kuɗi ta asusun wani ɗan'uwansa, a kashe waya.