Gyaran goshin motata Mustang: abin da inshora ta biya da abin da na cika daga aljihuna

Cikin watan Agustan 2024, wata Laraba bayan la'asar, ruwa ya tsuge a Kano kamar da bakin ƙwarya. Na taso daga Zoo Road zan hau titin Zariya, sai na taka totur a kwana fiye da yadda jiƙaƙƙiyar kwalta za ta ɗauka. Motar Ford Mustang ce ƙirar 2016, tayoyin baya ne ke tura ta, don haka ƙugunta ya zame, goshinta na hagu ya daki simintin da ya raba titi. Alhamdu lillahi ko ƙwarzane ban yi ba, ban kuma taɓa kowa ba. Amma bamba ta tsage, fitilar hagu ta tarwatse, madigadi ya lotse ya yamutse. Lagireto bai fashe ba, sai na lallaɓa ta zuwa gida.

A daren nan duk wanda ya zo jaje shawararsa ɗaya: in kai ta gareji a buge, in manta da batun inshora, don wai ba sa biya. Na san inda wannan magana ta samo asali. Yawancinmu ƙaramar inshorar nan muke yanka, wadda NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 daga 5,000 tun ranar 1 ga Janairun 2023. Ita ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, har zuwa naira miliyan 3, ko sisi ba ta sa wa a taka motar. Mutum ya riƙe wannan takarda, motarsa ta bugu, ya je a ce masa babu, sai ya dawo yana cewa an cuce shi. Ni cikakkiya na yanka, wadda ta haɗa da motata ko da laifina ne. Shi ya sa da gari ya waye na kira kamfanin inshorar, na tura hotuna, suka ce kada a taɓa motar sai mai kiyasinsu ya zo ya gani.

Duk da haka na kai ta wurin wani dattijo mai bugun jikin mota da ya daɗe yana mini aiki, don in ji ta bakinsa. Ya zagaya ta sau biyu bai ce komai ba. Can ya ciro wani ɗan mayen ƙarfe daga aljihun rigarsa, ya manna a ƙofa, ya kama ɗaram. Ya ɗora a madigadin da ya lotse, sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya gwada a bonet, nan ma ya faɗi.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba ƙarfen da muka saba ba ne, irin na tukunya ne. In na sa masa guduma tsagewa zai yi, in na sa wuta ba zai yi ja ya gargaɗe ni ba, sai dai in ga ya narke."

Na ce, "To Baba, ba dabara?"

Ya ce, "Dabarar ita ce in cika ramin da fila in shafe, ka biya ni, bayan wata shida ka dawo kana jin haushina. Ka nemo wani a sa."

Gaskiya ya faɗa. Mustang daga ƙirar 2015 bonet ɗinta da madigadan gaba duk na alminiyam ne, an yi haka don a rage mata nauyi. Alminiyam kuwa in ya lanƙwashe ba ya son komawa yadda yake, kuma duk bugun da aka ƙara masa ƙara taurara shi yake yi har ya dare. Wannan 'yar magana ta Baba ita ta raba mini gardama. Da bugu ne da fenti kawai, da na biya na huta. Amma sayen madigadi da fitila da bamba na motar da aka ƙera a Michigan, a lokacin da dala ta haura naira 1,500, wannan ya wuce abin da mutum zai haɗiye shiru.

Mai kiyasi ya zo bayan kwana huɗu. Mutum ne mai natsuwa, ya leƙa ƙarƙashi, ya auna, ya ɗauki hoton lambar shasi, ya karɓi kwafin lasisina da rahoton 'yan sanda. Mun daidaita a kan naira miliyan 4 na kaya da aiki, bisa sharaɗin kayan tokumbo za a sa. Na yarda da hakan da gangan, domin ya bayyana mini cewa in aka sa sabo dal a madadin tsoho, akwai kason da za su ce ni zan cika, tunda motar ta fi yadda take kafin hatsarin.

Inda na ji jikina ya yi sanyi shi ne da takardar tayinsu ta iso. A farkon 2023 na rubuta darajar motar naira miliyan 15, ina biyan 750,000 a shekara, wato kashi 5 cikin 100. Da aka zo sabuntawa a Janairun 2024 na sake biyan wannan kuɗin ban taɓa adadin ba, alhali tun watan Yunin 2023 aka saki naira ta yi ta faɗuwa, farashin motoci ya yi sama. Mai kiyasi ya ce motar a kasuwa yanzu ta kai miliyan 25. Ke nan kashi 60 kawai na darajarta na yi wa inshora, don haka kashi 60 na gyaran za su ɗauka: miliyan 2 da dubu 400. Daga ciki kuma aka cire kashi 10 da yarjejeniyar ta ce mai mota ne ke ɗauka a kowace diyya. Abin da ya shigo asusuna naira 2,160,000 ne, ni na cika 1,840,000.

Na koma na karanta takardun da na sa wa hannu, sharaɗin yana nan a rubuce, ba su ƙirƙiro shi don ni ba. Amma ina da ƙorafi, kuma har yau yana raina. Ma'aikacin da ya kira ni sau uku a kan in sabunta, ya san abin da ya sami naira, ya san sharaɗin nan, bai taɓa ce mini in duba darajar motar ba. Jimla ɗaya ce da ta ishe ni. Sannan daga ranar hatsari zuwa ranar da kuɗi ya shigo sai da aka ci mako bakwai, kuma kusan duk wani motsi sai na bi da waya.

Wasu sun tsorata ni da cewa in na karɓi diyya zan rasa rangwamen da ake yi wa wanda bai taɓa nema ba. Da na bincika sai na ga ni ba ni da abin rasawa. Umarnin NAICOM ya ce kuɗin cikakkiyar inshora ba zai gaza kashi 5 na darajar mota ba bayan an cire kowane rangwame, ni kuwa dama a kan kashi 5 ɗin nake. Amma kafin wannan, akwai lokacin da wani mai babur ya goge mini bambar baya, gyaran bai fi dubu 90 ba. Wannan ban ko kira su ba, domin in aka cire nawa kason aka haɗa da zirga-zirgar rahoto da ajiye mota ana jiran mai kiyasi, wahalar ta fi kuɗin. Har yanzu ina ganin daidai na yi a duka biyun.

Neman kayan ma aiki ne. A kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa an samo mini bamba cikin kwana biyu, amma madigadi sai daga Legas. Wanda wani dila ya fara aiko mini ja ne kamar motata, har na yi murna, da aka kara sai bakin fitila ya ƙi haɗuwa. Ashe na ƙirar 2018 ne, shekarar da Ford ta sauya fasalin goshin motar, fitilu da bonet da madigadi duka. Tun daga nan na koyi tura lambar shasi kafin in tura kuɗi. Harafi na goma a cikinta shi ke nuna shekara: tawa G ce, wato 2016, ta 2018 kuwa J ce. Dilan ya karɓi kayansa ya canza, amma kuɗin mota zuwa da dawowa ni na biya, kuma inshora ba ruwanta da wannan.

Aikin Baba na yaba masa ƙwarai. Tazarar da ke tsakanin bonet da madigadi ta hagu da ta dama ɗaya ce, na gwada da katin banki ya shige daidai a kowane gefe. Fenti kuwa wani gareji mai rufaffen ɗakin feshi na kai. Lambar launin tana jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, PQ, jan da Ford ke kira Race Red. Da suka haɗa shi bisa lambar, sai ya fi na ƙofa kaifi, domin ranar Kano ta riga ta sha jan motar na shekaru. Mai fentin ya yi dabara, ya ja feshin ya ɓatar da shi cikin rabin ƙofa da gefen bonet, yadda ido ba zai kama inda sabo ya tsaya ba. Da rana tsaka ban iya bambancewa. Da yamma in haske ya karkata, bamba takan ɗan fi duhu, tunda roba ce. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne burbushin fenti da suka bari a robar gilashin gaba, sai da na koma aka goge.

Yayana ya daɗe yana ce mini zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, yana ba ni shawarar takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, irin ta kamfanin Jaiz ko Noor. A Janairun 2025 na karɓi takardun ɗayansu na karanta, amma na zaɓi in ƙara shekara ɗaya inda nake, tunda dai sun biya abin da suka rubuta za su biya. Wannan karon na sa aka sake kiyasta motar kafin in sa hannu, aka rubuta miliyan 25, na biya 1,250,000, kuma na ce wa ma'aikacin ya nuna mini sharaɗin nan da yatsa ya karanta mini shi a gabana.