7z ta baƙin allo: abinda na gani bayan na daɗe ina aiki da ita a shago

Masu bizines senta da masu ɗaukar bidiyon biki a Kaduna, wannan naku ne. 7-Zip dai kusan kowa ya santa, wadda kake danna dama a kan folda ta dunƙule maka ita ta koma fayil ɗaya, to ba wannan ɓangaren nake nufi ba, ina maganar ta baƙin allo ce, ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta 7z da hannunka. Manhaja ɗaya ce, wani ɗan Rasha Igor Pavlov ne ya fito da ita tun 1999, kyauta ce kuma, babu saƙon da zai riƙa faɗo maka wai kwana 40 na gwaji sun cika irin na WinRAR. In maki zan bata 8 cikin 10 ne, biyun da na riƙe zaku ji dalili.

Ka sauke ta daga 7-zip.org kawai, kar ka bi shafukan nan masu maɓallin saukewa guda biyar. Bayan ka saka ta a Windows in ka rubuta 7z cmd zai ce bai santa ba, ba lalacewa tayi ba, tana zaune ne a C:\Program Files\7-Zip sai ka ƙara wajen a PATH, wato jerin foldojin da Windows ke dubawa in ka rubuta umarni, sau ɗaya shikenan. Wannan matakin ne yake korar mutane da yawa wlh, kuma ban ga dalilin da ba za su sa ta yi shi da kanta ba.

Umarnin ba yawa. 7z a firojet.7z firojet ya haɗa foldar, 7z x firojet.7z ya kwance ta, 7z l ya nuna maka abinda ke ciki ba tare da ka buɗe ba, 7z t kuma ya duba ko fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Da waɗannan huɗun kaɗai mutum zai yi shekara yana aiki.

Amma abinda yasa na manne mata shi ne yanka fayil gida-gida. Shagona a Tudun Wada yake, kusa da Poly, kuma rabin masu shigowa ko ɗalibai ne ko masu kamara da suka kwana suna ɗaukar kamu da dina, mutum zai zo da bidiyo na giga 12 yana so a tura ma dangin amarya a Zariya ko Abuja yau yau ɗinnan. WhatsApp ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 2, Gmail kuwa mega 25 ne iyakarsa, filash ɗin da aka siyo a Kasuwar Sheikh Gumi sau da yawa FAT32 ne, shi kuma ko da akwai fili a ciki ba zai ɗauki fayil guda da ya kai giga 4 ba, sai kaga mutum yana ta zagin filash wai jabu ne alhali tsarinsa ne haka. Sai in rubuta 7z a -v1900m -mx0 biki.7z biki, ta yanka min shi kashi-kashi na mega 1900, biki.7z.001, biki.7z.002 har ƙarshe, kamar ka raba buhun masara mudu-mudu don ya shiga leda. Wanda ya karɓa ya tara su duka a folda ɗaya ya kwance na 001 sauran su biyo da kansu. Daɗin abun shi ne in netwok ya yanke a kashi na biyar, na biyar ɗin kawai zaka sake turawa, ba sai ka ƙona datar giga 12 daga farko ba, kuma duk wanda yake siyan data da kuɗin aljihunsa ya san me nake cewa.

Kun lura da -mx0 ɗin can? Ma'anarsa kar ta matse komai, ta haɗa kawai. Don gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa ma kwastomomi, 7z ba boka bace. Bidiyon MP4 da hoton JPG da waƙar MP3 an riga an matse su tun daga kamara ko waya, in ka sa -mx9, wato matsewa mafi ƙarfi, laftop ɗinka zai ɗau zafi fanka na kuka jannareto na shan mai, ƙarshe abinda ya ragu bai taka kara ya karya ba. Hatta docx na firojet ɗin ɗalibai ba ya raguwa sosai don shi ma zip ne a ciki. Inda take nuna bajinta shi ne rubutu zalla, CSV, bakof na database, da sikanin da aka ajiye a BMP, nan kam zaka ga ta bar zip a baya nesa, tsarin matsewa na LZMA2 da take amfani da shi ba wasa bane, sai dai yana cin RAM, tsohuwar kwamfuta mai giga 2 ka barta a matakin da ta zo da shi kawai.

Maganar fasuwod ma ta burge ni. Mutane suna barin takardun NIN da sakamakon jarabawa da hoton fasfo a kwamfutar shago, yara kuma suna hawa kanta duk yini. 7z a -p -mhe=on takardu.7z takardu, zata tambaye ka fasuwod ɗin, ta kulle da tsarin ɓoye bayanai na AES-256, shi kuma -mhe=on ɗin yana ɓoye har sunayen fayilolin. Amma fa in ka manta fasuwod ɗin to ka yi sallama da kayan, in dai mai ƙarfi ne babu injiniyan da zai fasa maka shi ko a ina yake.

Yanzu maki biyun. Na farko, e da x. Dukkansu kwancewa suke, amma e tana watsar da foldoji ta zube komai waje ɗaya, yaron shagona ya taɓa yinta a kan Desktop da hotunan biki, wuni guda yana tsinta. Sannan -o na zaɓen inda za'a kwance ba ya son tazara, -oD:\aiki ne a manne, ka bar fili ta ƙi, kuma saƙon da zata baka ba zai nuna maka inda matsalar take ba. Na biyu kuma shi ne ya fi damuna a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama: 7z bata da abun gyaran fayil da ya lalace irin wanda RAR, tsarin WinRAR, ke da shi, kuma da yake tana cuɗe fayiloli waje guda don su fi matsuwa, ɓaraka ƙarama a tsakiya tana iya tafiya da abubuwa da yawa. Shi yasa kafin in goge asalin folda sai na yi 7z t, bayan na kwafa a filash ma in sake yi, ba na sauraren mai cewa Malam sauri nake.

Fayil ɗin RAR kuwa 7z tana buɗe shi amma bata ƙirƙirarsa. In wanda zaka tura ma a waya zai buɗe kuma ba gwani bane, sa -tzip ka huta da kiran waya, zip kusan kowace waya tana ganewa, 7z kuwa sai ya je neman wata manhaja.

Masu Linux da sabar kuma ku tsaya a tar ɗinku, umarnin nan na haɗa fayiloli, don bakof, tar -czf da tar -xzf, ita tana riƙe bayanin mai fayil da izininsa, abinda tsarin 7z bai cika kula da shi ba. Tar ɗin ma tana cikin Windows 10 tun 2018, rubuta tar a cmd ka gani, sai dai bata kulle fayil da fasuwod, don haka a shago ni dai 7z nake kira, na ma zuba layin umarnin bakof na shagon a fayil ɗin .bat, mai gudanar da umarni da kansa, yaro ya danna sau biyu kafin mu rufe bayan isha'i.