Gidan tuwon da za ka sayi malmala ɗaya ba a harare ka ba

Tun da likita ya ce sugana ya hau, cin abincin rana a waje ya zame mini aiki. Yawancin gidajen abinci a Kano faranti ɗaya suka sani: a tula maka shinkafa, ka biya, tsoron almubazzaranci kuma ya sa ka share ta tas.

Akwai wani gidan tuwo ta wajen Titin Gidan Zoo da ya raba ni da wannan. Da malmala suke sayarwa, kuma malmalar tasu ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Ka ce ɗaya, ɗaya za a kawo. Miya a kwanonta daban take zuwa, saboda haka nakan juya lissafin: tuwon masara ɗaya, miyar taushe ludayi biyu, sai kwaɗon zogale a gefe. Taushen nan akwai kabewa da alayyafo har cokali na tsayawa, ba ruwa ne aka yi wa ado da ganye ba. Kafin ka kai rabin tuwon ciki ya fara nauyi.

Matsalar kirkin Hajiya mai gidan ne. Da ta saba da kai sai gyara ya fara: "Malam, wannan ai na yara ne, bari a ƙara maka rabi." Nakan ce, "Hajiya, a sa mini a roba na kai gida." Ba ta jin haushi, amma gobe ma sai ta sake. Man shanu kuwa, in ba ka yi magana da wuri ba, ya riga ya kwanta a kan miyar.

Ɓangaren shinkafa bai burge ni ba. Yaron da ke zubawa hannunsa da nauyi, rabin farantinsa cikakken wani wurin ne, dunƙulen ɗanɗano kuma ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci kada ya kai giram 5 a yini. Dafa-dukarsu kaɗai ina zargin ta cinye rabon.

Suna da zoɓo marar suga, sai dai kaɗan suke yi. In ka wuce azahar, lemon kwalba kawai za ka tarar a firij.