Na'urar Karanta Matsalar Mota: Abin da Ta Yi Mini Ranar da Injin Dizal Ya Mutu Ya Ƙi Tashi

Wata bakwai na'urar nan ta yi a aljihun gaban mota ban taɓa ta ba. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi kwalin ashana ba sosai, irin waɗanda ake rubuta ELM327 a jikinsu, ana soka ta a wani soket mai ƙofa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ita kuma ta riƙa aika bayani zuwa waya ta Bluetooth. Soket ɗin shi ake kira OBD-II. Amurka ta wajabta shi a ƙananan motoci tun 1996, Turai kuma ta haɗa da masu amfani da dizal a wajajen 2004, don haka motata ta ɗaukar kaya ƙirar 2009 tana da shi. Na saye ta ne don sha'awa kawai, sai ga shi ranar amfaninta ta zo ban shirya ba.

Ina cikin hawa wani tudu da kaya a baya, na taka totur sai na ji motar ta yi sanyi, kamar an riƙe ta ta baya. Ta yi shessheƙa sau biyu, fitilar injin ta kunnu, sannan ta mutu ɗif. Allah Ya sa akwai wurin raɓewa. Na murɗa makulli, kik yana juyawa lafiya lau, amma injin ya ƙi kamawa ƙememe. Mai kuwa ya fi rabin tanki.

Haɗa ta da waya shi ne farkon abin da ya ɓata mini rai. Sau uku manhajar wayar da ke karanta ta tana cewa ta ga na'urar amma ba ta ga motar ba, ashe sai makulli yana kan matakin da fitilun dashbod ke kunne ba tare da an tada injin ba. 'Yar takardar da ta zo a kwalin ba ta faɗi haka ba, ni na gano da kaina bayan na gama zufa. Da ta haɗu kuwa, cikin daƙiƙa kaɗan ta fito da lamba ɗaya: P0087, wato ƙarfin matsin mai a bututun da ke raba wa nozul-nozul mai, wato masu fesa shi cikin injin, ya yi ƙasa da yadda ake so.

Ga wanda bai saba da dizal ba, wannan injin ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Matse iska yake yi a cikin silinda har ta yi zafin da idan aka fesa mai zai kama da kansa. Abin da yake nema ke nan: iska, matsi, juyin kik mai ƙarfi, da man da ya iso a kan lokaci da ƙarfinsa. Injinan zamani da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ke sarrafawa suna tara man a bututu guda da matsin da kan kai bar 1,600 (bar ma'aunin matsi ne) ko sama da haka idan ana aiki sosai, kuma ko wajen tayarwa suna son kimanin bar 200 zuwa 300. In bai kai ba, ƙwaƙwalwar ba za ta buɗe nozul ba sam, ka yi ta murɗa makulli har batir ya ƙare.

A nan ne na'urar ta biya kuɗinta, ba a lambar da ta fito da ita ba, a shafin da take nuna abin da ke faruwa kai tsaye. Na zaɓi abubuwa uku: juyin injin, ƙarfin batir, da matsin mai. Na murɗa makulli na daƙiƙa goma ina kallon waya. Juyin injin ya nuna 220 a minti. Wannan kaɗai ya wanke sensar kiranshaf, domin ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa injin yana juyawa, kuma da ta mutu sifili zan gani, wataƙila har da lambar P0335. Sensar nan ta shahara wajen kashe mota idan ta ɗauki zafi, ta bari ta tashi idan ta huce, kuma ita na fara zargi tun kafin in soka na'urar. Batir ya sauka daga volt 12.4 zuwa 10.5 lokacin juyawa, babu laifi. Matsin mai kuwa ya nuna 4,000, har na yi murna ina cewa ai ya yi yawa ma. Sai daga baya na lura da ƙananan haruffan da ke gefe: kPa. Bar ɗaya kPa 100 ne, ke nan bar 40 kacal nake da shi. Manhajar tana bari a canza ma'auni, amma sai ka tona cikin saituna, kuma wanda ke tsaye a gefen hanya ba ya cikin halin tono.

To, na san wuta lafiya, na san mai ne ba ya isowa. Daga nan na'urar ta yi shiru, ba ta da sauran abin faɗa. P0087 tana da iyaye da yawa: filta ta toshe, iska ta shiga layin mai, ruwa a cikin dizal, ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki, babban famfo, bawul ɗin da ke daidaita matsi, ko nozul guda da ke mayar da mai da yawa zuwa tanki. Da na danna lambar, manhajar ta jero su duka ba tare da ta ce ga na farkon dubawa ba, kuma idona bai sauka ko'ina ba sai kan babban famfo, wanda ya fi komai tsada a jerin.

Na kira yayana, wanda ya daɗe yana gyaran manyan injina. Na karanta masa lambar da alfahari.

"Ajiye wayar nan tukuna," ya ce. "Murɗa in ji ƙarar."

Na kara masa waya kusa da injin na murɗa. Ya ce sautin yana da nauyi, yana hawa yana sauka yadda ya kamata, ke nan tayimin bel bai tsinke ba, domin da ya tsinke injin zai riƙa juyawa sakayau da sauri kamar babu komai a cikinsa.

"Yaya, ko dai babban famfo ne?"

"Kai dai ka cika gaggawa. Akwai 'yar roba kusa da filta mai kama da ƙwai, matsa ta ka gaya mini."

Na matsa, laushi tiɓis, babu wani tauri. Ya ce in goge guntun tiyo mai haske da ke fita daga filta, wanda ƙura ta rufe har ban san ana ganin cikinsa ba, in ci gaba da matsawa ina kallo. Kumfa ce ke wucewa jere-jere, man kaɗan ne a tsakaninta. Na bi layin baya da yatsa har bakin filta, sai ga tiyon da ke shigowa daga tanki ya tsage daidai inda kilif ya matse shi. Abin mamaki, wurin a bushe yake, ko ɗigo babu. Yaya ya ce haka abin yake: ɓangaren da ake zuƙo mai ba ya zubarwa waje, iska yake sha ciki, shi ya sa mutum zai leƙa ƙarƙashin mota bai ga komai ba ya ce layin lafiya. Da na taka totur a kan tudu famfon ya ƙara zuƙa, tsagar ta buɗe, iska ta cika layin.

Na yanke bakin tiyon da ya lalace, na mayar na ɗaure. Na kwance 'yar kusar da ke gindin filta na tsiyayar da abin da ke ciki a wata gora, sai ga ruwa kamar cokali biyu ya kwanta a ƙasa, dizal a samansa. Sannan na yi ta matsa robar har ta yi tauri kumfar ta ɗauke. Na tambaye shi ko in sassauta notin bututun nozul don iska ta fita, kamar yadda na taɓa gani ana yi wa tsofaffin injina. Ya daka mini tsawa. A irin wannan injin, matsin yana iya huda fata man ya shige cikin nama, kuma ba a buƙatar hakan ma, iskar da ta rage tana fita da kanta ta layin komawa. Ya kuma hana ni fesa maganin tayar da injin a bakin iska, saboda hita, abin da ke ɗumama cikin silinda kafin tayarwa, na iya kunna shi kafin lokaci ya yi wa fistin illa.

Na koma kan waya. Murɗawar farko matsi ya kai bar 90. Na jira minti ɗaya kik ya huce. Ta biyu 180. Ta uku ina kallo lambar ta haura 250, injin ya yi tari, ya girgiza, ya kama. Daɗin ganin lambar tana hawa ba kaɗan ba ne, domin ta nuna mini ina kan hanya, ba ƙona batir nake yi a banza ba. Sai dai sau biyu haɗin yana yankewa a tsakiyar murɗawa idan wuta ta yi ƙasa, sai na sake haɗawa, kuma lambobin kan makara da kusan daƙiƙa ɗaya.

Akwai kuskuren da na yi wanda na ɗora rabinsa a kan manhajar. Maɓallin goge lamba yana manne da na karantawa, kuma ba ya tambaya sau biyu. Na goge kafin in adana bayanan da ƙwaƙwalwa ta riƙe na daidai lokacin da motar ta mutu, wato gudu, zafin injin da nauyin da ke kansa. Da matsalar ta dawo, da su bakanike zai fara nema. A ɗauki hoton shafin kafin a taɓa komai.

Sauran gazawarta ban gano su ba sai daga baya. Lambobin bai-ɗaya na injin kawai take karantawa. Ba ta ganin na'urar tsaron makulli, wadda ita ma kan hana mota tashi, ba ta ganin birki ko jakar iska. Ta motoci masu batir mai volt 12 ce, ba ta manyan motoci masu volt 24 ba, waɗanda soket ɗinsu ma daban ne. Tsohon injin da babu ƙwaƙwalwa a jikinsa, irin na janareta ko tarakta, babu inda za a soka ta, can sai a koma kan filta, iska da solonoyid ɗin da ke yanke mai. Soket ɗin kuma yana da wuta ko an cire makulli, na bar ta a ciki kwana biyar motar na ajiye, na dawo na tarar batir ya yi rauni. Yawancin masu arha kwaikwayo ne, ingancinsu ya danganta da sa'ar mutum. Tawa ta yi aiki a motata, ta ƙi haɗuwa da ta maƙwabcina.

Zan sake sayenta? Ƙwarai, ga duk mai motar dizal ta zamani. Cikin minti biyar ta cire mini sensa da batir daga zargi, kuma da an ja motar zuwa gareji, babu wanda zai iya ce mini wayarin ne in yarda. Amma tsagar da ba ta kai faɗin farce ba, yatsa ne ya gano ta, da mutumin da ya ce in ajiye waya. Washegari na canza filtar da tiyon gaba ɗaya, na saka guntun tiyo, kilif biyu da sukudireba a jaka ɗaya da na'urar. Makon jiya ta fito mini da P0380, layin hita ke nan, kuma lallai motar ta fara jan lokaci kafin ta tashi da asuba. Ban kai ga buɗe bonet ba tukuna.