Kafin Ka Sa Kuɗi a Kayan Auna Asid da CE-MS: Maƙala Alama Ko Barin Samfur Yadda Yake?

Wata ɗalibar digiri na uku ta same ni a ɗakin gwaji a Gwagwalada da takardun farashi uku a hannu. "Malam, kuɗin tallafi ya fito, amma ban son in sayi kifi a ruwa." Tana so ta auna asid huɗu, laktet, saksinet, malet da sitiret, a cikin ƙwayoyin halitta 'yan kaɗan. Shawarar da na ba ta ce zan kawo a nan.

A CE (capillary electrophoresis, wato rarrabe sinadarai da wutar lantarki), ana tura samfur cikin bututun gilashi mai sirin gashi, faɗin raminsa maikuromita 50, a ba shi wuta har bolt 30,000, sinadarai su rarrabu gwargwadon cajinsu da girmansu, sannan a fesa su ta bakin wata allura zuwa cikin na'urar MS (mass spectrometer) ta auna nauyinsu. Masu cajin fozitif, irin su amino asid, ba sa ba da wahala. Asid ɗin da jiki ke samarwa wajen sarrafa abinci kuwa cajinsu nagatif ne, kuma a nan feshin da ke shiga MS yake yawan rawa, tartsatsi ya tashi a bakin allura, sigina ta yi rauni. Idan aka juya wutar, allurar ƙarfe takan ci tsatsa ta toshe bututu.

Hanya ta farko ita ce ka bar asid ɗin yadda yake, ka gyara na'urar. Tomoyoshi Soga da abokan aikinsa na Jami'ar Keio a Japan sun nuna a 2009 cewa allurar filatinam tana maganin tsatsar. Za ka sayi ita, da bututun da aka shafe cikinsa da sinadari mai cajin fozitif, da amoniyam asitet da ake haɗawa a milimola 50, pH 8.5. Daɗinta shi ne ba ka taɓa samfur ba, kuma tana kamo masu fosfet irin su ATP da gulukos-6-fosfet. Sai dai shafen bututun yana gogewa, kuma in samfurinka ɗan mitsitsi ne, wasu sinadaran za su ɓace maka.

Hanya ta biyu, wadda 'yan ɗakin gwaji ke kira deribatizeshan, ita ce a maƙala wa asid ɗin alama mai cajin fozitif na dindindin, kamar a sa wa baƙo rigar 'yan gida ya wuce ƙofa. Sinadarin EDC ne yake zaburar da kan kaboksil, wato ɓangaren asid ɗin mai cajin nagatif, sai wani amin mai ɗauke da cajin ya manne masa. Daga nan ka koma aikin da ka saba: bututu marar shafe, fomik asid mola 1 ko asetik asid kashi 10 cikin 100, na'ura a ɓangaren fozitif inda feshi ke zaune lafiya. Ga mai ƙwayoyi kaɗan, wannan ce na fi so, kuma masu bincike a Jami'ar Laidin ta Holan sun yi aiki a kan irinta.

Amma dillali ba zai gaya maka wahalarta ba. Sitiret kan kaboksil uku gare shi, malet da saksinet biyu-biyu. In haɗin bai kammala ba, sinadari ɗaya zai fito maka a wuri biyu ko uku, lissafi ya rikice. Don haka dole ka sa kuɗin sinadaran ma'auni masu kabon-13 (waɗanda ake zubawa a samfur don daidaita lissafi) a cikin kasafi, kuma su ne masu tsadar, ba alamar ba. Kada kuma ka haɗa EDC a ruwan asitet ko fosfet, za su cinye shi kafin ya kai ga samfur. Ruwan sinadarin MES ake amfani da shi. Ragowar sinadarin da bai haɗu ba shi ma yana dagula rarrabewa, sai an rage shi ko an sirka.

Sai maganar danshi. EDC ba ya shiri da ruwa, ana ajiye shi a digiri 20 ƙasa da sifili. Na taɓa sayen babbar kwalba don araha. An ɗauke wuta ranar Juma'a, janareto bai tashi ba, ga damina. Ranar Litinin na buɗe, garin da ya kamata ya zube fari tas ya dunƙule kamar sukarin da ya kwana a buɗe. Mako biyu ina zargin na'ura. Yanzu ƙananan kwalabe nake saye, kuma ba na buɗe murfi sai kwalbar ta huce daga sanyin firiza.

Idan ɗakinku yana da GC-MS, na'urar da ke rarrabe sinadarai a matsayin iskar gas kafin MS ta auna su, ku tsaya ku yi tunani kafin ku nemi sabuwar na'ura. Sinadaran metoksiamin da MSTFA sun daɗe suna wannan aikin maƙala alama a kan asid, muddin samfur ya bushe ƙayau kuma yana da yawa. ATP dai ba zai bi ta nan ba.

Ga wanda zai sayi na'urar kanta, duba mahaɗar CE da MS. Na'urar Agilent 7100 an fi haɗa ta da mahaɗa mai ruwan rakiya, wato ruwan da ake ƙarawa a bakin bututu ya raka samfur zuwa MS. Tana da juriya, amma ruwan yana sirka samfur. CESI 8000 ta SCIEX ba ta da ruwan rakiya, tana gani da kyau a ƙaramin samfur, amma bututunta na musamman ne, bakinsa ba ya son wasa, kuma daga waje za ka yi ta odarsa. Tambayi dillali kai tsaye: injiniyansa a Abuja yake ko sai an taso shi daga Legas? Farashin ya haɗa da injin naitirojin da batiran da za su riƙe famfon MS in wuta ta ɗauke? A cikin takardun nan uku, ɗaya ce kawai ta ambaci naitirojin.

Da na tambayi ɗalibar ko tana bukatar masu fosfet, ta ce a'a, asid huɗu ne kawai a tsarin bincikenta. Sai muka soke allurar filatinam da bututu mai shafe, muka rubuta EDC ƙananan kwalabe huɗu, MES, alamar, da ma'aunai masu kabon-13. Abin da ya rage muka ware shi ga inbata da batir na firiza.