Gwajin Ladabi Ko Tsallaken Shinge: Wanne Zai Fi Ba Dokin Kano Wuya?

Ƙanena, ka ce ka kalli gasar dawaki ta Olimfik, ka ga doki ɗaya yana wani taku kamar rawa a cikin fili mai shinge, daga baya kuma ka gan shi yana tsallake sanduna. Tambayarka ita ce wanne ya fi wuya, kuma da wanne za ka fara a kan dokinka da ya saba da kilisa da Hawan Sallah. A nawa ganin, takun nan da ka ɗauka ya yi kama da namu shi zai fi ba ka wahala, kuma da shi ɗin ya kamata ka fara.

Abin da ka kalla gasa ce mai gwaji uku, doki ɗaya da mahayi ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ana farawa da gwajin ladabi, wanda ake kira diresaj, sai gudun dawa inda ake tsallake kututture da rami da ruwa, sannan a rufe da tsallaken sanduna a cikin fili. Asalinta gwajin dokin soja ne. Da ta shiga Olimfik a 1912 a birnin Stockholm, hafsoshin soja kaɗai ke shiga, mata kuwa sai a 1964 suka fara. Makin laifi ake tarawa, wanda ya fi kowa ƙarancinsa shi ya ci.

Filin diresaj mita 60 ne a tsawo, 20 a faɗi, na masu koyo kuma 40 da 20. An kafa haruffa a gefensa, mahayi ya haddace tsarin a ka: a wannan harafi zai shiga sassarfa, a wancan ya yi da'ira mai faɗin mita 20, a tsakiyar fili ya tsaya cak ƙafafu huɗu a daidaice ya gai da alƙali. Kowane motsi ana ba shi maki daga 0 zuwa 10, a haɗa a fitar da kaso cikin ɗari, abin da ya rage ya cika ɗarin shi ne laifinka. Wanda ya samu kashi 70 ya tashi da laifi 30 ke nan. Duka abin bai fi minti biyar zuwa shida ba. Tsallaken sanduna kuwa bai kai minti biyu ba, kuma ra'ayin alƙali bai shiga ciki. Sanda ta faɗi, laifi 4. Doki ya turje, laifi 4, ya sake turjewa a manyan gasa an fitar da kai. Ka faɗo, shi ke nan. Ka wuce lokacin da aka ƙayyade, kowace daƙiƙa da farashinta. A matakin ƙoli sandunan kan kai mita 1.30, kuma a kan 'yan kofuna marasa zurfi suke zaune, kofato na shafar su sai ƙasa.

Wurin da muke ruɗewa shi ne wannan. Mu a Kano mun tashi muna ganin doki na taƙama a Ƙofar Kudu, wuya a lanƙwashe, yana tauna linzami yana kumfa, yana tabariya, mahayi ya sako shi a guje ya yi zamiya a gaban Sarki wajen jafi. Gwaninta ce ta gaske, ba don banza hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya da ake karewa a 2024 ba. To amma alƙalin diresaj kusan kishiyar wannan yake nema. Dokin hawa ana so ya cika ido, ya nuna zafi, jama'a su ga mahayi yana danne shi da ƙarfin hannu. Dokin diresaj ana so ya zama kamar shi ya ga damar yin abin, ba a ga hannun mahayi ya motsa ba. Tabariyar da ake yi wa guɗa a Hawan Daushe, a can bijirewa ce, maki take ci. Buɗe baki, kaɗa wutsiya da fushi, jan kai har haɓa ta kusa taɓa ƙirji, duk alamun doki ba ya cikin natsuwa ne, kuma alƙali na rubutawa. Ko magana ba a yarda ka yi wa dokin ba, balle tsawa. In aka ga sabon jini a bakinsa, an sallame ka.

Tushen bambancin yana cikin linzami. Namu na gargajiya mai zobe da harshen ƙarfe an yi shi ne don mayaƙin da hannu ɗaya ke riƙe da mashi ya tsayar da ingarma nan take, kuma yana yin aikinsa. Sai dai dokin da ya girma da shi ya koyi guje wa ƙarfe, da an taɓa sai ya ɗaga kai ko ya naɗe wuya. Diresaj kuwa da linzami mai taushi mai gaɓa a tsakiya ake fara shi, ana so dokin ya miƙa wuya ya nemi ƙarfen da kansa, ya jingina da shi kaɗan, ƙarfin tafiyar ya taso daga ƙafafun baya ya bi ta gadon baya ya iso hannunka. Koya wa dokin da bakinsa ya riga ya ji jiki cewa hannu ba zai cuce shi ba aiki ne na watanni, wani dokin ma sai shekara. Kuma dole mahayi ya sake nasa zaman. Sirdinmu mai tudu gaba da baya yana riƙe mutum, ga faffaɗar likkafa da ƙafa ke hutawa a ciki. Sirdin Turawa fayau yake, babu abin da zai tallafe ka sai daidaiton jikinka, kuma wanda bai samu wannan daidaito ba a bakin doki zai rataye ba tare da ya sani ba.

Tsallake bai da wannan doguwar hanya a farkonsa, shi ya sa yake yaudara. Lafiyayyen doki mai zuciya, ka sa masa sanda mai tsayin gwiwa, galibi zai haye ta a makon farko, mai shi ya yi ta murna. Dawakinmu ma ba su rasa zuciya ba, dokin da ya jure ƙarar bindigar 'yan bindiga da tambari da algaita da cinkoson Hawan Nassarawa ba fentin sanda ne zai firgita shi ba. A nan dokin Kano ya fi da yawa daga na Turai, waɗanda lema ko tafi kan iya birkita su. Matsalar tana ɓullowa ne in shingaye suka zama goma da 'yan kai a jere, da kwana a tsakaninsu. Masu tsara fili suna auna tazara da takun babban doki, kimanin mita 3.6 kowane taku a ƙaramar sukuwa. Dawakinmu sun fi gajarta, takunsu bai kai haka ba, don haka sai mahayi ya iya tsawaita taku ko ya rage shi a cikin 'yan daƙiƙu, ya kawo dokin daidai inda zai tashi. Dokin da ya san abu biyu kawai, a sake shi ko a ƙwace shi, zai iso shinge a miƙe a guje ya kwashe sanda da ƙafar gaba. Wannan tsawaitawa da ragewa kuwa ba a koyonta a gaban shinge. A filin diresaj ake koyonta.

Dubi abin da ya faru a Olimfik na Faransa a 2024, a harabar fadar Versailles. Laura Collett ta Birtaniya ta buɗe da laifi 17.5 a diresaj, Michael Jung na Jamus yana biye da 17.8. Jung ya kayar da sanda ɗaya, ya ƙare da 21.8, kuma duk da haka zinariya tasa ce, ta uku da ya ci shi kaɗai bayan ta 2012 da ta 2016. Collett ta ƙare da 23.1 ta karɓi tagulla, Chris Burton na Ostareliya ya shiga tsakaninsu da 22.4. Sanda ɗaya daidai take da kashi huɗu na makin diresaj, wato gyaran da mahayi kan kwashe shekara yana nema. Amma abin da ya ba Jung damar kayar da ita ya kuma tsira shi ne ratar da ya tara tun ranar farko.

Ta fuskar kuɗi da haɗari ma ba ɗaya suke ba. Diresaj fili mai laushi kawai yake so, da gwangwanaye takwas da za ka rubuta haruffa a jiki. In ka yi kuskure maki ka rasa. Tsallake kuwa ƙafar doki yake ci, domin duk nauyinsa da naka a kan ƙafafun gaba yake sauka. Ƙasar Kano da rani ƙeƙasasshiya ce, tsallake a kanta yana lalata jijiya da gaɓa, kuma dokin da aka daɗe ana sukuwa da shi a kan kwalta wataƙila ya riga ya ɗauko rauni da ba ya nunawa sai an matsa masa. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, yadda samari ke zabga gudu da dawaki a titi ranar hawan angwanci, dabbar da ba ta iya cewa ƙafata na ciwo. Kafin ka ɗaga sanda ko ɗaya, likitan dabbobi ya duba ƙafafun, a gyara kofato, a zuba yashi a filin, kai kuma ka sa hular kwano mai maɗauri. Ko a manyan gasa sai an zagaya da doki a hannu a gaban likitoci kafin a fara, a sake yi da safiyar ranar tsallake, mai ɗingishi ba ya fita.

In dokinka ne a hannuna, zan canja masa linzami in yi wata uku ina tafiya da sassarfa da da'ira kawai, da sassafe kafin rana ta yi zafi, har sai ya iya tsayawa ba tare da ya buɗe baki ba. Daga nan in shimfiɗa sanduna a ƙasa, tazarar kamar mita 1.2, ya riƙa taka tsakaninsu da sassarfa. Sai ya saba sannan in gicciya biyu su zama ɗan shinge mai tsayin santimita 40 zuwa 50. Kuma kada ka haɗa masa aiki biyu a lokaci ɗaya, yau linzamin hawa gobe na horo, zai rikice. Ka fara bayan Babbar Sallah, inda kake da watanni masu yawa kafin hawa na gaba ya zagayo.