Na'ura mai karanta kati ko kwandon kasuwa? Amsa ga malamar 'yan nazare

Wa alaikumus salam Malama. Kin tambayi wanne ya fi dacewa da ajinki. Tsakanin na'urar nan mai faɗin kalmomin Turanci da kayan wasa na hannu da ake haɗawa bisa jigo, na hannun za ki ɗauka. Ba sai kin tsaya dogon lissafi ba.

Na'urar ina da ita, irin mai kati 112 da kalma 224, wadda ake zura kati a raminta ta ambaci sunan hoton. In za a yi mata adalci, lafazinta ba laifi. Daga nan yabo ya ƙare. Yaro ɗaya take ɗauka a lokaci guda, ke kuwa aji gare ki, sai rabon faɗa. Sunaye kawai take jerowa, ba jimla, kuma ba ta jin abin da yaro ya maimaita balle ta gyara masa. Ga hotunan abubuwan da yaranmu ba su taɓa gani ba, har da mutum-mutumin ƙanƙara. Kati ya ɗan lanƙwashe ko ya sha yawu, shi ke nan ta daina gane shi. Tawa tana cikin durowa.

Kwandon kasuwa kuwa, Allah Ya yi masa albarka. Abin da ke ciki: albasa, tumatir, lemon zaƙi, dankali, gwangwanayen madara da aka daddale bakinsu, kwalayen ashana da na sabulu marasa komai, faifai biyu, da kuɗin takarda da muka yanka daga tsohon littafin rubutu. Ranar farko taɓawa ce kawai da sansanawa, kowa ya riƙe abu ya ji sunansa. Rana ta biyu a ware ja daban, kore daban. Sai ƙirga daga ɗaya zuwa biyar, sannan a shimfiɗa tabarma a buɗe kasuwa da jimla biyu tak: "How much?" da "Give me two." Akwai wani yarona da tun farkon zango bai taɓa buɗe baki da Turanci ba, ko sunansa aka tambaya sai ya sunkuyar da kai. Da aka ɗora shi kan faifan albasa, wata ta zo ta ɗauki guda ba ta biya ba. Wuf ya riƙe mata hannu, ya haɗe rai, ya ce: "No money, no onion!" Ba wanda ya koya masa wannan jimlar. Kalmomin da ya tsinta ne ya harhaɗa da kansa don an taɓa masa jari. Ni da mai taimaka mini sai da muka juya baya saboda dariya.

Ba wai dabarata ba ce. Tun shekarun 1960 wani malamin jami'a a Amurka, James Asher, ya fito da salon koyar da harshe ta hanyar motsa jiki: a ba yaro umarni ya aikata, ba a matsa masa ya yi magana sai ya shirya. Kafin shi ma Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, haruffa masu kaushi take ba yara su bi da yatsa. Ke farantin silba da yashi mai laushi ya ishe ki. Yaro ya zana harafi, ya girgiza farantin, ya sake, babu asarar takarda.

Ki riƙa tsayawa kan jigo guda mako ɗaya ko biyu, da kalma biyar zuwa takwas, kar ki zarce. Makon launuka, ki je wajen tela ki roƙi ƙyallayen atamfa da shadda, kyauta zai tara miki. Makon dabbobi, akuya da kaza da kyanwa da jaki tukuna, zaki da giwa su jira, kuma yaran su gina su da hannunsu. In ba ki son laka ta ɓata musu yunifom, ki kwaɓa fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, ruwa kamar kofi 1, da cokalin man gyaɗa, ki ɗiga kalar abinci. In kin rufe a roba mai murfi yana jimawa bai bushe ba. Makon shuka shi ne yara suka fi ɗoki: wake a gwangwanin da aka huda ƙasansa, kowa da sunansa a jiki, cikin 'yan kwanaki ya tsiro, kalmomin ruwa da ganye da rana da girma duk sun shiga ba tare da an yi hadda ba. Sai dai ki sa ido sosai. Wake, tsakuwa da maɓalli, hanci da kunne suke nufa in aka yi sakaci, musamman 'yan ƙasa da shekara 3. Ke za ki riƙe irin, su zuba ƙasa.

Wani wurin da na'ura ba ta da abin yi shi ne matsalarmu ta gado, wato rikita "p" da "f". Ki ba kowane yaro siririyar takarda ya riƙe gaban bakinsa. In ya haɗe leɓɓa ya ce "pan", takardar za ta yi tsalle lokaci guda. In "fan" ce, haƙoran sama na kan leɓen ƙasa, iska na fita a hankali. Yana gani da idonsa, ke ma kina gani. Kuma kar ki ji tsoron yi musu bayanin wasan da Hausa kafin a fara. Yaron da ya gane abin da ake so ya fi saurin kama Turancin.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallan kayan yara a WhatsApp da Instagram. Duk robar da aka shigo da ita yanzu an manna mata sunan Montessori an ninka kuɗi. Wasu kuma hoton katunan Jolly Phonics, wato tsarin koya wa yara sautin haruffan Turanci, suke bugawa a shagon kwamfuta su sayar a matsayin na asali, wani sa'in ma ba su cika ba. Tsarin sauti 42 ne a rukuni 7, na farko s, a, t, i, p, n. Ki ƙirga a gaban mai kaya, ki karanta rubutun kati ɗaya bayan ɗaya, don na sha ganin masu kuskuren harafi. Kar ki tura kuɗi kan hoto ga wanda ba ki sani ba. Duk abin wasan da ke da ƙaramin batir mai kama da maɓalli, in murfinsa ba a ɗaure yake da noti ba, ki bar musu kayansu, haɗiye shi hatsari ne babba.

Kuɗin na'urar ki sayi manyan robobi masu murfi guda huɗu, kwali mai kauri, alƙalamin maka, faffaɗan salatif na rufe kati, almakashin yara marar tsini, da tabarma. Sauran ki rubuta wa iyaye 'yar takarda kowa ya turo gwangwani da kwalin da ya gama amfani da su. Ki fara da kasuwa ranar Litinin, sai ki zo ki ba mu labari.